Zaman waƙa na jarirai da iyayensu

A ƙasashe da dama na Turai da Amurka akwai wani zama da ake yi mako-mako, inda iyaye kan taru da jariransu da yaran da suka fara tatata, su zazzauna a ƙasa, su yi waƙa tare. Wurin kan kasance ɗakin karatu na unguwa, ko zauren coci, ko cibiyar kula da yara. Ba a cika wuce minti 30 zuwa 45 ba, domin hankalin ɗan shekara ɗaya ba ya daɗewa wuri guda.

Tsarin Kindermusik, ɗaya daga cikin irin wannan zama, ya samo asali ne daga Jamus ta Yamma, ya shiga Amurka a 1978. A 1987 kuma Kenneth Guilmartin da Lili Levinowitz suka fara Music Together a garin Princeton. Waɗannan tsare-tsare biyu na kuɗi ne. A Birtaniya kuwa ɗakunan karatu na gwamnati kan shirya irin wannan zama, galibi kyauta, a Denmak kuma coci-coci ne suka fi ɗaukar nauyinsa.

Zaman yakan buɗe da waƙar gaisuwa, a ambaci sunan kowane yaro. Daga nan uwa ko uba ya ɗora yaron a cinya yana cilla shi a hankali bisa amon waƙa, a yi tafi, a ƙirga yatsu, a raba 'yan ƙananan ganguna da abubuwan kaɗawa masu ƙara. Kusa da ƙarshe sai a sassauta murya da waƙar lallashi, a yi sallama. Ana maimaita waƙoƙi iri ɗaya makonni a jere, kuma da gangan ne, don sai yaro ya san abin da ke tafe yake jin daɗin jiransa. Ba a tilasta wa kowa. Wani yaron zai yi ta rarrafe yana kewaya ɗakin, wani ya lafe a jikin uwarsa yana kallo, sai an koma gida a ji yana gwada karin waƙar. Aikin jagorar zaman ya fi karkata ga manya, domin da su yaron yake koyi.

Dalilin hakan ya fito fili a wani bincike da Laurel Trainor da abokan aikinta suka wallafa a 2012 daga Jami'ar McMaster ta Kanada. An raba jarirai 'yan wata 6 gida biyu. Rukuni ɗaya sun yi wata 6 suna waƙa da kaɗe-kaɗe tare da iyayensu, ɗayan kuma suna wasa ana sa musu kiɗa daga na'ura. Na farkon sun fi yawan murmushi, sun fi sauƙin lallashi, sun kuma fi nuna abu da yatsa da ɗaga hannu su yi ban kwana. Duka biyun sun ji kiɗa. Abin da ya bambanta su shi ne muryar iyaye da motsin jiki. A 2014 masu binciken jami'ar suka gano cewa yaro ɗan wata 14, idan aka yi ta rausaya shi daidai da rausayar wani baƙo, ya fi saurin miƙa wa baƙon nan abin da ya faɗi daga hannunsa.

Sai dai bai kamata a zuzuta abin ba. Binciken 1993 da ya jawo maganar cewa kiɗan Mozart na ƙara basira, a kan ɗaliban jami'a aka yi shi, kuma tasirin bai wuce 'yan mintuna ba. Duk da haka a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a riƙa ba kowane sabon jariri faifan kiɗa. Faifai ba ya kallon idon yaro, ba ya rage sauri idan yaron ya gaji.

Wani amfanin da ba a cika faɗa ba na uwa ne. Mai jego a babban birni kan wuni ita kaɗai tsakanin bango huɗu, kuma ciwon damuwa bayan haihuwa ba ƙaramin abu ba ne. A 2018 Daisy Fancourt da Rosie Perkins suka wallafa gwajin da suka yi a Landan da mata 134 masu alamun wannan ciwo, na tsawon mako 10. A cikin waɗanda ciwon ya fi yi wa nauyi, masu zuwa zaman waƙa sun fi saurin samun sauƙi a kan waɗanda suka tsaya ga kulawar da aka saba. Wannan ba ya maye gurbin ganin likita, amma fita daga gida da haɗa murya da 'yan'uwa mata ba abin rainawa ba ne.

A ƙasar Hausa babban gida ya daɗe yana yin wannan aiki ba tare da an sa masa suna ba. Yaron da ke goye yana jin lugude ta bayan uwarsa, kaka na yi masa tawai, yayye na gaɗa a tsakar gida. Inda zaman haya da aikin ofis suka raba dangi, waya ce ke neman cike gurbin, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da jaririn da bai kai shekara ɗaya ba gaban allon waya ko talabijin.

Shirya zaman ba ya buƙatar wani jari: tabarma, iyaye biyar ko shida, da waƙoƙin da suka riga suka sani cikin harshensu. Daɗin murya ba sharaɗi ba ne, tunda jariri ya fara jin muryar uwarsa tun watannin ƙarshe na ciki, ya kuma saba da ita. Ana dai kiyaye ƙarar sauti saboda kunnen yaro, a toshe bakin duk wani abin kaɗawa mai tsakuwa ko hatsi a ciki sosai don kada ya haɗiye, a wanke kayan da yara ke sawa a baki, a kuma bar mai zazzaɓi ko tari a gida har ya warke.