Addu'a Domin Wani da Jibin Ubangiji a Wurin Kiristoci

A koyarwar Kirista, bangaskiya ba ta tsaya ga yarda cewa akwai Allah ba. Dogara ce gare shi, kuma ba abin da mutum ke riƙewa shi kaɗai a ɗakinsa ba ne. Ibadu biyu ne suka fi bayyana wannan: addu'ar da mai bi ke yi a madadin wani, da Jibin Ubangiji, inda ikilisiya ke taruwa ta ci gurasa, ta sha ruwan inabi, don tunawa da mutuwar Yesu Almasihu.

Roƙo domin wani ya samo tushe tun daga Tsohon Alkawari. Littafin Farawa ya ba da labarin yadda Ibrahim ya yi ta roƙon Allah kada ya hallaka Saduma, yana rage adadin masu adalcin da za a bar garin saboda su, daga hamsin har zuwa goma. Musa ma ya tsaya tsakanin Allah da Isra'ilawa bayan sun bauta wa ɗan maraƙin zinariya. Amma labarin da ya fi haɗa bangaskiya da ɗaukar nauyin wani yana cikin Markus sura ta 2. Mutum huɗu ne suka ɗauko wani shanyayye a Kafarnahum, suka tarar gidan da Yesu yake ciki ya cika maƙil, sai suka buɗe rufin ɗakin suka zuro shi. Marubucin ya nuna cewa bangaskiyarsu ce Yesu ya gani. Masu wa'azi na yawan tsayawa a nan, kuma da gaskiyarsu, domin akwai lokacin da ciwo ko baƙin ciki kan kai mutum inda ba ya iya buɗe baki ya roƙi komai, sai dai 'yan'uwa su roƙa masa.

Wannan roƙo bai tsaya ga dangi da abokai ba. Manzo Bulus ya umarci Timoti a yi addu'a domin dukan mutane, har da sarakuna da masu mulki, a zamanin da masu mulkin Rum ba Kiristoci ba ne. Yesu kuwa ya koyar a yi wa masu tsanantawa addu'a, abin da ya fi kowane umarni nauyi ga wanda aka ƙona wa gida. A majami'un Arewacin Najeriya ana karanta sunayen marasa lafiya da matafiya a lokacin sujada, 'yan Zumuntar Mata kuma su bi gida-gida suna addu'a da waɗanda aka yi wa rasuwa. Akwai bambanci ɗaya sananne tsakanin ɗariku: 'yan Katolika da 'yan Otodoks suna neman Maryamu da tsarkaka su taya su roƙo, yawancin Furotesta kuwa ba sa yin haka, suna cewa Almasihu kaɗai ne matsakanci.

Jibin Ubangiji ya faro ne daga abincin da Yesu ya ci da almajiransa a daren da aka bashe shi, lokacin Idin Ƙetarewa. Bayaninsa mafi daɗewa yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 55, kuma abin lura shi ne tsawatawa ce ta kawo shi. Masu hali na Koranti sukan riga su ci su ƙoshi, wasu har su bugu, talakawa su zo su zauna da yunwa. Bulus ya ce musu abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne sam. Hujjarsa ita ce gurasar ɗaya ce, don haka masu cinta jiki ɗaya ne. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, tunda ya san waɗanda suka sa hannu a akushi ɗaya akwai amana tsakaninsu. Shi ya sa ake gargaɗin mai bi ya binciki zuciyarsa, ya nemi sulhu da wanda suka ɓata, kafin ya miƙa hannu. Ikilisiyar EYN, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, ta gaji al'adar wanke wa juna ƙafa a bikin ƙauna da take haɗawa da Jibin, koyi da abin da Yesu ya yi wa almajiransa.

Abin takaici, teburin da aka shimfiɗa don haɗa kai shi ne wurin da rabuwar Kiristoci ta fi fitowa fili. Katolika na koyar da cewa gurasar da ruwan inabin suna komawa jiki da jinin Almasihu na hakika. A 1529 aka tara jagororin Furotesta biyu, Martin Luther da Ulrich Zwingli, a garin Marburg na Jamus don su daidaita. Sun yarda da batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan na ƙarshe: Luther ya dage cewa Almasihu yana nan cikin gurasar, Zwingli ya ce alama ce ta tunawa. Sai a 1973, da yarjejeniyar Leuenberg a Switzerland, yawancin magadansu na Turai suka amince su ci Jibi tare, bayan shekara 444. Har yau cocin Katolika ba ya ba wanda ba ɗansa ba Jibi sai a wasu yanayi ƙalilan, kuma zafin haka ya fi faɗa wa ma'auratan da suka fito daga ɗariku dabam.

Inda teburi ya gagara, addu'a ta samu shiga. Yohanna sura ta 17 ta nuna Yesu yana roƙo, kafin a kama shi, mabiyansa su zama ɗaya, kuma a kan wannan ne aka gina Makon Addu'a Domin Haɗin Kan Kiristoci. Wani limami a Amurka, Paul Wattson, ya fara shi a 1908, ana kuma yin sa daga 18 zuwa 25 ga Janairu. Tun 1968 fadar Vatican da Majalisar Ikilisiyoyin Duniya ke fitar da addu'o'in makon tare, ko da yake mabiyansu ba su kai ga cin Jibi a teburi ɗaya ba tukuna.