Fiya a Bayan Katangar Masana'anta

Fiyar da ake kasawa a Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa ba ta haɗa dangi da fiyar Turai ba. Waccan 'yar'uwar tuffa ce, sai ta sha makonni cikin jaura mai tsanani kafin ta yi fure, abin da hunturun Kano bai kai ba. Tamu asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya.

Ba ta nuna a bisa. Ko ta ƙosa, sai an tsinke ta sannan take laushi. Haɗa ta da ayaba nunanniya a ƙunshin takarda, za ta yi sauri.

Furenta kuwa sau biyu yake buɗewa: yau yana mace, ya rufe, gobe ya buɗe yana namiji.

Wani mai raba wasiƙu a Kalifoniya, Rudolph Hass, ya shuka wata bishiya a 1926. Duk fiyar Hass ta duniya daga rassanta aka yi mata aure, uwar kuma sai a 2002 aka sare ta. Wanda ya binne ƙwallo zai iya jiran shekara 10, kuma ba lallai 'ya'yan su gado uwar ba. Mai aure cikin shekara 3 zuwa 4 take haihuwa.

Mai akuya a tsakar gida ya kiyaye: ganyen fiya guba ne ga awaki, dawaki da tsuntsaye.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Cikin itatuwan marmari, kaɗan ne suka kai fiya ƙin gishiri. A Sharada, Challawa da Bompai kuwa akwai masana'antun jima, inda ake kawo fata da ƙirgi a gishirce, a jeme su da sinadarin kuromiyam. Ruwan ɗaurayar Sharada yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, na Bompai ya bi Getsi ya faɗa Jakara. Saiwar fiya ba ta nisa, yawancinta a saman ƙasa take shimfiɗe, kuma tana ruɓewa idan ruwa ya kwanta mata. Duk mai gida a Sabuwar Gandu ko Dakata da ke sha'awar dashe, ya kai ruwan rijiyarsa a auna tukuna, ya ɗaga tudu ya dasa a kai, ya yi wa dashen rumfa saboda ranar bazara. In gishirin ya yi yawa, bakin tsofaffin ganyaye ne ke fara ƙonewa, ya koma ruwan ƙasa kamar an gifta da wuta.