Akwatin Wutar Kwamfuta: Yadda Ake Gwada Amincinsa

A cikin kowace kwamfuta ta kan tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, wanda wayar lantarki take shiga cikinsa ta baya. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar gida, wadda a Nijeriya aka ƙayyade ta a kan bolt 230, ya mayar da ita ƙananan matakai uku, wato bolt 12 da 5 da 3.3, ya rarraba wa sassan na'urar. Idan akwatin nan ya sami matsala bai kashe kansa ba, yakan ƙona sauran sassan, wani lokaci ma ya haddasa gobara. Shi ya sa injiniyoyi suke yi masa gwaji iri biyu kafin a kai shi kasuwa.

Gwaji na farko ya shafi matakan kariya. Bisa tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, wutar layin bolt 12 ba za ta zarce 12.6 ba. In ta hau ta kai tsakanin 13.4 da 15.6, wajibi ne akwatin ya ɗauke wuta nan take. A ɗakin gwaji, ana jona shi da wata na'ura mai zuƙar wuta gwargwadon yadda aka umarce ta, a yi ta ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan har a ga inda zai tsaya. Daga nan sai a haɗa wayoyinsa da gangan, a kuma tsayar da fankarsa don zafi ya taru. Bugu da ƙari, ana tura masa bolt 1,500 ko fiye, don a tabbatar wutar gida ba za ta tsallaka zuwa jikin ƙarfen da mutum yake taɓawa ba.

Gwaji na biyu ya shafi igiyoyin maganaɗisun lantarki da akwatin yake fitarwa. Domin ya rage ƙarfin wuta, yana kunna ta yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan yana haifar da hayaniyar da kunne ba ya ji amma rediyo yana kamawa. Ƙa'idar duniya mai suna CISPR 32 ta raba awon gida biyu. Hayaniyar da take bin waya ta koma cikin layin wutar gida, ana auna ta daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, kuma a nan ne tashoshin matsakaicin zango da na gajeren zango suke. Wadda take bin iska kuwa, ana auna ta daga megahaz 30 zuwa sama, a wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da abin da yake shanye igiyoyi. Ana ɗora kwamfutar bisa tebur mai juyawa, a kafa eriya nesa da ita da mita 3 ko 10. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ta kafa irin wannan doka a 1979, inda ta fi tsaurara wa na'urorin gida a kan na ma'aikatu. A Tarayyar Turai kuwa, bin irin wannan doka ya zama tilas daga 1996.

Abin lura shi ne, adadin wat da aka rubuta a jikin akwati ba ya nuna ko ya ci waɗannan gwaje-gwaje. Masu ƙera na araha sukan cire kafasita da naɗin wayar da suke tace hayaniya, su sa guntuwar waya a gurbinsu. Mai saye yana iya kunna rediyo a matsakaicin zango, ya ajiye shi a ɗakin da kwamfutar take. In ƙara ta rufe tashar da zarar an kunna na'urar, to akwai alamar tambaya. Sai dai kada wanda ba gwani ba ya buɗe akwatin, domin manyan kafasitocinsa suna iya riƙe fiye da bolt 300 ko bayan an zare wayar daga bango.