Batir, Waya da Gishiri: Dalilin da Ke Hana Injin Jirgin Ruwa Tashi a Kogin Wouri

Unguwar New Bell da ke birnin Duwala a Kamaru ba a bakin ruwa take ba. Asalinta ma ƙoƙari ne na raba mutane da bakin ruwan. Jamusawa ne suka tsara ta, lokacin da suka yi niyyar tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga gaɓar Kogin Wouri don su ba Turawa wurin. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa da wannan shiri, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Daga baya New Bell ta zama masaukin baƙi. Hausawa suka kafa unguwarsu a ciki, suna fatauci da fawa da sauran sana'o'i. To amma mai kasuwanci a Duwala yakan wayi gari harkarsa ta haɗa shi da ruwa. A Youpwé, can kudancin birnin, kwalekwale suke tashi zuwa tsibirin Manoka da sansanonin masunta, su dawo da kifi, ɗanye da banda.

Ƙananan injunan da ake ɗaura wa kwalekwale da igiya ake tayar da su. Mutum ya fizgi igiya, inji ya kama, shi ke nan. Manyan injuna kuwa da makulli ake tayar da yawancinsu, kamar mota. Suna da batir, da wayoyi, da sitata, wato ƙaramin injin lantarki mai juya babban inji har ya kama. Wani lokaci sai a murɗa makulli a ji sitata tana juyi da kyar, ko a ji "ƙas, ƙas" kawai. Mota in ta yi irin wannan gardama, sai a tara samari a tura ta. Jirgi ba ya turuwa. Ga shi kuma Wouri a wannan wuri haɗe yake da teku, ruwansa yana cika yana janyewa kusan sau biyu a kowace kwana. Jirgin da ya ƙi tashi, ko dai ruwa ya ja shi zuwa hanyar manyan jirage, ko ya janye ya bar shi a kan laka, kifi yana lalacewa a rana.

A irin wannan hali batir ake fara ɗora wa laifi. Mai jirgi ya nufi Camp Yabassi, inda ake sayar da kayan gyaran mota, ya sayo sabo. Sau da yawa bayan 'yan kwanaki matsalar ta dawo, domin tun farko ba batir ne ya gaza ba. Wutar tana ɓacewa ne a hanya, tsakanin batir da sitata.

Kalmomi uku

Don a gane yadda wuta ke ɓacewa, sai an san ma'auni uku. Ana iya kwatanta su da ruwan famfo. Ƙarfin da ke tura ruwa cikin bututu, shi ne kwatankwacin bolt. Sunan ya fito ne daga Alessandro Volta, masanin Italiya. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya. Turjiyar da ruwa ke gamuwa da ita, in bututu ya yi ƙanƙanta ko ya toshe, ita ce ake aunawa da om. Wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana dangantakarsu a 1827: ƙarfin da aka yi asara daidai yake da yawan wuta sau turjiya. (Kalmar lantarki daga Ingilishi aka aro ta. A Nijar akan ji kuran, wadda ta fito daga Faransanci.)

Misali zai fi fayyace maganar. A ce akwai wani mahaɗi da ya ɗan yi tsatsa, turjiyarsa om 0.01. Fitila mai jan amfiya 2 za ta yi asarar bolt 0.02 ne kawai a wurin, ba wanda zai lura. Sitatar babban inji kuwa tana iya jan amfiya 200. Ɗari biyu sau 0.01, bolt 2 ke nan. Batir mai bolt 12 dama yakan sauka zuwa wajen bolt 10 lokacin da sitata ke juyi. In aka ƙara ɗebe biyu, saura 8, inji ba zai juyu da saurin da zai kama ba. Wannan shi ya sa fitilun jirgi ke haske sosai, rediyo na magana, amma inji ya ƙi. Hasken fitila ba shaida ba ne cewa hanyar wuta lafiya take.

Ƙarfin da ya ɓace zafi yake zama. Bolt 2 sau amfiya 200 wat 400 ne, duk a kan ɗan ƙarfen da bai fi babban yatsa ba. Saboda haka gogaggen makanike yakan taɓa mahaɗai bayan an gwada tayar da inji. Wanda ya yi zafi shi ne ɓarawon.

Abin da ke cin waya a Duwala

Duwala tana cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, fiye da milimita 3,500 a shekara. Iska kullum da laima, ruwan bakin kogin kuma garwaye yake da gishirin teku. Gishiri da laima in suka haɗu a kan jan ƙarfe, sai su mai da shi kore, sa'an nan ya yi gari. Abin da ya fi muni shi ne yadda ruwan ke bin silin waya ya shige ƙarƙashin roba. Daga waje wayar tsaf take. In aka feɗe ta, sai a tarar cikin ya yi baƙi har kusan kamu guda. Wayar da aka yi musamman don jirgin ruwa akan shafe kowane silinta da kuza don maganin wannan, amma ta fi wayar mota tsada, shi ya sa ake yawan sa ta motar. Akwai kuma wata mai araha wadda alminiyam ce aka yi wa fatar jan ƙarfe. In an kankare ta da wuƙa sai farin ya fito. Turjiyarta ta fi yawa, gishiri kuma ba ya raga mata.

Tsawo da kauri ma suna da nasu rabon. Wuta sai ta je ta dawo, don haka batir da aka ajiye mita 3 daga inji, waya mita 6 ke nan. In kaurin wayar murabba'in milimita 16 ne, sitata kuma tana jan amfiya 150, asarar kusan bolt 1 ce, ko da wayar sabuwa ce fil. In aka sa mai 35, asarar ba ta kai rabin bolt ba. Sa'an nan ga girgizar inji da dukan igiyar ruwa, waɗanda ke sassauta noti a hankali.

Yadda ake gano wurin

Kayan aikin mita ce ta hannu, irin wadda masu gyaran rediyo ke amfani da ita. Da farko ana auna batir bayan ya huta. In ya cika zai nuna wajen bolt 12.6. In ya nuna 12.2, cajinsa ya kai rabi. Ƙasa da 12, sai a yi masa caji kafin a ci gaba, domin gwaji da batir mai yunwa ba ya gaya wa mutum gaskiya.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Dole a auna lokacin da sitata ke juyi, domin sai wuta mai yawa tana gudu asara ke bayyana. A sa giya a furi, a zare igiyar kashe inji don kada ya kama, mutum ɗaya ya murɗa makulli, ɗaya ya duba mita. A ɗora bakin mitar a kan dalmar kan batir kanta, kada a ɗora a kan maƙalin da ya riƙe ta. In awon ya faɗi ƙasa da bolt 9.6, batir ya gaji, ko kuwa sitata tana jan wuta fiye da kima. In ya tsaya a 10.5, amma a jikin sitata aka samu 8.5, to batir ba shi da laifi, akwai bolt 2 da suka salwanta a hanya.

Daga nan sai a bi sawu. A sa baki ɗaya na mitar a kan batir mai alamar +, ɗayan kuma a inda jar waya ta shiga sitata, a sake murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne asarar wannan layi, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Haka za a yi wa baƙar waya, daga kan batir mai alamar − zuwa jikin inji. Ita ce aka fi mantawa da ita, alhali duk wutar da ta fita ta nan take dawowa. Layin da ya nuna asara sai a bi shi gaɓa-gaɓa: kan batir da maƙalinsa, babban makunni, ɗan makunnin maganaɗisu mai yin ƙarar "ƙas", har a kai ga inda mita ta yi tsalle. Kada a bar sitata tana juyi fiye da daƙiƙa 10 a lokaci ɗaya, tana iya ƙonewa.

Gyaran kansa ba shi da wuya. A fara kwance baƙar waya, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa, don kada sifana ta haɗa wuta. Tartsatsi kusa da tankin fetur ko batir mai fitar da iska ba abin wasa ba ne, balle a tsakiyar ruwa. A wanke kan batir da ruwan kanwa, wanda ke kashe kaifin asid, amma kada ya shiga cikin batir. A goge ƙarfen har ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, sa'an nan a shafa giris a waje. Wayar da cikinta ya yi baƙi, yanke ta za a yi har inda jan ƙarfe ke da kyau, in ta ƙi sai a canza ta duka.

Saura awo ɗaya bayan inji ya tashi. A ɗan ba shi wuta a sake auna batir. Ya kamata mita ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, na'urar caji ba ta mayar wa batir abin da sitata ta ɗiba, ko kuma wayarta ita ma gishiri ya cinye ta. Sai a ɗauki mita a bi wannan layin, kamar yadda aka bi na sitata.