Raha da Soyayya a Ƙagaggen Labari: Misali Daga Littafin India Holton

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne dalilin da ya sa wani nau'in ƙagaggen labari ya samu karɓuwa a ƙasashen Turai da Amurka, wato labarin soyayya mai raha da almara, wanda aka gina a kan zamanin da ya shuɗe. Misalin da za a ɗauka shi ne The Secret Service of Tea and Treason, na India Holton, marubuciya daga Niyu Zilan, wanda aka buga a 2023.

Labarin ya faru ne a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Amma Ingilar ta almara ce, inda 'yan fashi mata, masu ladabi da son shayi, suke tuƙa gidajensu a sararin sama. Alice da Daniel 'yan leƙen asiri ne da aka umarta su fito a matsayin miji da mata, don su tona makircin kashe Sarauniya.

Armashin littafin yana ga halin Alice. Tana ɗaukar magana a kan lafazinta, habaici da zaurance sukan wuce ta, hayaniya kuma tana takura mata. Likitoci suna kiran irin wannan halitta ta ƙwaƙwalwa otizim, amma sai a 1943 Leo Kanner ya bayyana ta a rubuce. Saboda haka babu mai wannan suna a zamanin labarin, kuma mai karatu yakan san Alice a matsayin mutum tun kafin ya laƙaba mata wani suna.

Dariyar ma ba Alice ake yi wa ba. Duk lokacin da ta kasa gane wata al'adar manyan gari, al'adar ce take bayyana da wautarta. Daniel kuwa bai nemi ya gyara ta ba. Ya koyi abin da ke kwantar mata da hankali, ya so ta a yadda take.

Wannan shi ne abin da ya jawo masu karatu, musamman masu irin halittarta, waɗanda adabi ya daɗe yana nuna su a matsayin abin tausayi ko abin ba'a. A nan sun ga irinsu ta zama tauraruwar labari, ana son ta, ana kuma dariya tare da ita.