Manomin Alkama da Masara a Kadawa

A filayen Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake bin magudanai zuwa gonaki tun shekarun 1970, akwai ƙasar da ba ta samun hutu. Masu laka shinkafa suke yi da damina, amma wanda filinsa ba ya riƙe ruwa masara yake sawa. Da kaka ya karye ta, kafin sanyi ya kankama ya ja fangali ya yafa alkama. Girbi biyu a fili ɗaya abin sha'awa ne, sai dai duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san babban aikinsa ciyar da ƙasa ne. Masara da alkama dangin juna ne, abincinsu ɗaya, kuma babu wadda take bar wa 'yar'uwarta wani abin kirki a ƙasa yadda wake da gyaɗa suke yi.

Shekarar wannan manomi da bazara take farawa, lokacin kai taki. Kashin shanu, na tumaki da awaki, toka da sharar gida, duk ana tara su a jibge tsibi-tsibi a gona kafin a baza. Kashin kaji ya fi su ƙarfi, shi ya sa ya zama haja mai tsada, amma sai ya ruɓe, don ɗanye ƙone shuka yake yi. Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Kano. Tun kakanni jakuna suke fitar da shara a mangala daga birni zuwa gonakin karkara, makiyaya kuma su sauka a gona bayan girbi, dabbobi su ci kara su bar kashi. Takin gida ba ya nuna aikinsa cikin mako guda. Shi ne dai yake sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe laima, ta kuma riƙe takin zamanin da za a zuba mata.

Masara ba ta da kunyar ci. Malaman gona sukan ba da shawarar buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya ga hekta ɗaya, kowane buhu kilo 50. Kaɗan ne suke iya sayen haka, don haka gwanintar tana wajen yadda za a yi da ɗan abin da ke hannu. Gwani ba ya watsa taki a sama. Mako ɗaya zuwa biyu da shuka, bayan an yi ciro, yakan bi kunya da tsinke, ya huda rami ɗan nesa da gindin shuka, ya zuba kamfa cikin murfin kwalba, ya take da ƙafa. Yuriya sai mako na biyar ko na shida, a binne ta a rufe da huɗa, saboda idan ta kwana a sarari cikin zafi ƙarfinta iska yake bi. Aikin yana cin baya, amma buhu ɗaya da aka binne ya fi wanda aka watsar. Ganye ma yana magana. Idan na ƙasa ya fara rawaya daga tsini yana bin tsakiya, yunwar yuriya ce. Idan ƙaramar shuka ta yi shuɗi-shuɗi mai ja-ja ta ƙi tashi, sinadarin da ke cikin takin supa ne ya yi ƙaranci.

Da an karye masara sai hanzari, domin alkama 'yar sanyi ce. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake so iri ya shiga ƙasa, kimanin kilo 100 ko sama da haka a hekta. Wanda ya makara, zafin Maris zai riski zangarniya kafin ta cika, ƙwaya ta fito a motse, komai yawan takin da ya zuba. Kamfa ana sa shi tare da shuka, yuriya kuma a raba ta: kashi ɗaya lokacin da alkama take 'ya'ya, ɗaya kafin ta ɗauki ciki. A nan taki da ban ruwa tafiyarsu ɗaya. Ruwa ya yi yawa ya wanke yuriya zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, yuriya ta yi yawa kara ya yi tsawo ya kwanta. Inda magudanar fitar ruwa ta toshe kuwa, kanwa takan taso ta yi fari a saman ƙasa, kuma babu buhun da zai gyara wannan.

Abin da ya raba tsohon hannu da sabon shiga shi ne lissafin amfanin biyu a haɗe. Sinadarin supa yana daɗewa a ƙasa, wanda masara ta rage alkama za ta same shi. Yuriya ba ta jiran kowa, kowace shuka sai an ba ta nata. Sannan ga kara. Yana da kuɗi, dabbobi na so, masu shinge na so, amma gonar da ake kwashe wa kara kaf, ko a cinna masa wuta don sauri, tana ramewa a hankali. A ganina dabarar da ta fi kowace araha ita ce a riƙa ɗauke masara wata daminar a sa waken suya ko wake.

Da Maris ko Afrilu ake yankan alkama da lauje, a sussuke, a sheƙe, a ɗinke a buhu. Wasu su sayar wa kamfanonin fulawa, wasu su kai kasuwa irin Dawanau, inda masu alkaki da funkasau da taliyar murji suke neman ta gida. Kasuwa akwai, tunda mafi yawan alkamar da Najeriya take ci daga waje ake shigo da ita. Amma kafin riba sai an cire kuɗin haro, iri, ruwa, 'yan ƙwadago, maganin tsutsar masara da yaran da suke korar tsuntsayen jan baki. Taki ne yake lashe kaso mafi girma. A 2017 gwamnati ta tsayar da farashin buhun 20-10-10 a kan naira 5,500. Yau ya ninka haka sau da yawa, har an ga kakar da buhun masara bai sayi buhun taki ba. Ga kuma na jabu da ake cakuɗawa da yashi, wanda ba a gane shi sai shuka ta ƙi amsawa.

Masu shirya tallafin noman rani su riƙa tunawa da kalandar wannan manomi. Takin alkama da irinta su iso hannunsa tun watan Oktoba, domin wanda ya zo a Janairu ya tarar da aikin ya riga ya wuce.