Yadda Ɗan Akwati Yake Tace Sunaye a Jadawalin Kwamfuta

A wannan makon za mu yi bayani a kan wani aiki da ake yi da Excel ko Google Sheets. Aikin shi ne fitar da sunayen da ake buƙata kaɗai daga cikin dogon jeri, ba tare da an sake rubuta ko suna ɗaya ba. Muna roƙon mai karatu ya zo da biro da takarda, domin akwai abubuwan kwafa.

Matsalar da muke son magancewa

A ce ɗalibai 60 sun ari littattafai a laburare, kuma ƙarshen zango ya zo. Malam yana son sanin waɗanda ba su dawo da nasu ba. Yau sai a ce a rubuto na 'yan aji ɗaya, gobe na 'yan aji uku, jibi kuma a haɗa duka. Duk lokacin da aka kwafe sunaye a sabuwar takarda, ana iya tsallake wani, ko a saka wanda bai kamata ba. Sai wanda ya dawo da littafinsa ya sha tuhuma, har a ce ya biya, wanda ya riƙe nasa kuma ya tsira. Littafin da ya ɓace kuwa ƙannenmu masu zuwa ne suka yi asararsa.

Maganin wannan shi ne a rubuta jeri guda ɗaya tak, a kula da shi sosai. Duk wani jerin da ake so daga baya, kwamfuta ce za ta ciro shi daga wannan na asali.

Mene ne jadawalin kwamfuta?

Shafi ne da aka yanka gida-gida kamar gidan dara. Layukan tsaye suna da haruffa: A, B, C, D. Layukan kwance suna da lambobi: 1, 2, 3, 4. Kowane gida yana da suna. Gidan da layin B ya haɗu da layi na 5, sunansa B5. Idan aka rubuta B2:B61, ana nufin tun daga gidan B2 har zuwa B61.

Wannan fasaha ta girme mu nesa ba kusa ba. Manhajar jadawali ta farko da ta shahara ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985, wato shekara shida kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Google Sheets kuma ya fito a 2006, kyauta ne, kuma yana aiki a wayar hannu.

Mu shirya jerinmu

A layi na 1 za mu rubuta kanun bayanai. A1 Suna, B1 Aji, C1 Littafi, D1 Ya dawo. Daga layi na 2 zuwa na 61 sai mu jera ɗalibai 60 ɗin, kowa da layinsa. A ƙarƙashin Aji mu riƙa rubuta JS1, JS2 ko JS3.

A nan akwai abin kiyayewa. Dole rubutun ajin ya zama iri ɗaya. Idan an rubuta JS1 a wani gida, a wani kuma JS 1 da tazara a tsakani, kwamfuta za ta ɗauke su abu biyu daban. Ba ta san nufin mutum ba, abin da aka rubuta kawai take gani.

Saka akwatin alama

Akwatin alama shi ne ɗan ƙaramin murabba'in nan da idan an taɓa shi sai alamar gud ta fito a ciki, irin wadda malam yake sa mana idan mun ci lissafi. Idan an sake taɓawa sai ta ɓace.

A Google Sheets na kwamfuta, a zaɓi D2 zuwa D61, a danna Insert, sannan Checkbox. A wasu kwamfutocin za a ga an rubuta Tick box, duk abu ɗaya ne. A wayar Android kuma, bayan an zaɓi gidajen, a taɓa ɗigo ukun da ke sama, a shiga Data validation, a zaɓi Checkbox. Sabon Excel na Microsoft 365 shi ma ya samu irin wannan akwati a 2024, yana ƙarƙashin Insert.

Yanzu duk wanda ya dawo da littafi, sai a taɓa akwatin da ke gaban sunansa.

Sirrin akwatin

Mu muna ganin hoton akwati, amma kwamfuta kalma take gani. Idan akwai alama, gidan yana ɗauke da TRUE, wato gaskiya ne. Idan babu, yana ɗauke da FALSE, wato ba haka ba ne. Amsa biyu ce kawai, e ko a'a. A wajen lissafi kuma, TRUE daidai yake da 1, FALSE daidai yake da 0. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin darasin.

Wannan tunani ya riga kwamfuta zuwa duniya. Wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna George Boole ne ya bayyana shi a littafinsa na 1854, inda ya nuna cewa ana iya yin lissafi da gaskiya da akasinta kamar yadda ake yi da lambobi.

Fomula ta farko: ƙirga

Fomula umarni ce da ake ba kwamfuta, kuma kullum da alamar = take farawa. A wani gida da babu komai, a rubuta:

=COUNTIF(D2:D61,TRUE)

Ma'anarta ita ce: duba daga D2 zuwa D61, ka ƙirga masu alama. Idan mutum 45 suka dawo da littafi, za ta nuna 45. Da zarar an taɓa ƙarin akwati ɗaya, za ta koma 46 da kanta. Idan aka canza TRUE zuwa FALSE, za ta ƙirga waɗanda suka rage.

Fomula ta biyu: tankaɗe

Duk mun san yadda ake tankaɗe gari da rariya. Gari mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya. Haka fomular FILTER take yi da bayanai. A gidan I2 a rubuta:

=FILTER(A2:C61,D2:D61=FALSE)

Kashi na farko, A2:C61, shi ne garin da za a tankaɗe, wato suna da aji da littafi. Kashi na biyu shi ne rariyar: a bar layin da akwatinsa ba shi da alama kaɗai ya wuce. Nan take sunayen mutum 15 da ba su dawo da littafi ba za su jeru a ƙasan I2. Idan ɗaya daga cikinsu ya kawo nasa, aka taɓa akwatinsa, sunansa zai fita daga sabon jerin da kansa. Amma yana nan daram a jerin asali, ba a goge komai ba.

Fomula ta uku: akwati ya zama makunni

Nan ne aikin ya fi daɗi. Za mu iya sa akwati ya yi aiki kamar makunnin fitila. A F1, F2 da F3 mu rubuta JS1, JS2 da JS3. A gabansu, wato G1, G2 da G3, mu saka akwatin alama guda uku. Sai mu goge fomular da ke I2, mu rubuta wannan a wurinta:

=FILTER(A2:C61,((B2:B61="JS1")*G1+(B2:B61="JS2")*G2+(B2:B61="JS3")*G3)*(D2:D61=FALSE))

Kada tsawonta ya tsorata kowa. Alamar tauraro ita ce sau a kwamfuta. A wannan fomula, sau yana nufin "kuma", tarawa tana nufin "ko". Ga yadda abin yake.

A ce mun kunna G1 kaɗai. G1 ya zama 1, G2 da G3 sun zama 0. Kwamfuta za ta bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Ta zo kan ɗan JS1 wanda bai dawo da littafi ba. Shin ɗan JS1 ne? E, wato 1. Sau G1, wanda shi ma 1 ne, ya ba da 1. Sauran biyun 0 ne, don haka jimla 1. Shin akwatinsa babu alama? E, wato 1. To 1 sau 1 ya ba da 1, sunansa ya wuce.

Ta zo kan 'yar JS2 wadda ita ma ba ta dawo da nata ba. Ba 'yar JS1 ba ce, wato 0. 'Yar JS2 ce, wato 1, amma G2 a kashe yake, kuma 1 sau 0 daidai yake da 0. Jimla 0, sunanta ba zai fito ba. Idan muka kunna G2, nan da nan za ta bayyana. Idan muka kunna duka ukun, za mu ga na makaranta gaba ɗaya.

Ashe dokar nan da muka haddace tun firamare, cewa duk abin da aka yi sau sifiri ya zama sifiri, ita ce take aiki a nan.

Wanda yake son sunayen su jeru bisa tsarin abacada, sai ya rubuta SORT bayan alamar =, ya buɗe baka, ya rufe ta a can ƙarshen fomular.

Idan kwamfuta ta yi gardama

Akwai saƙonni da kan fito su rikita mai koyo. Idan kowa ya dawo da littafinsa, ko an kashe duka akwatuna ukun, babu sunan da zai wuce. Google Sheets zai nuna #N/A, Excel kuma #CALC!. Ba lalacewa ba ce, cewa yake bai samu kowa ba. Ana gyara wannan da IFERROR, kamar haka:

=IFERROR(FILTER(A2:C61,D2:D61=FALSE),"Babu kowa")

Idan kuma akwai rubutu a gidajen da sunayen za su sauka, Google Sheets zai nuna #REF!, Excel kuma #SPILL!. Sai a share wurin a ba su fili. Haka nan a ƙirga baka: duk wadda aka buɗe dole a rufe ta. Kuma tsawon layukan ya zama ɗaya. Idan A ya tsaya a 61, D ma ya tsaya a 61.

Wanda yake da tsohon Excel fa?

FILTER ba ta aiki a Excel 2010, 2013, 2016 da 2019. Sai a Excel 2021 zuwa sama, da Microsoft 365, da Google Sheets. Amma mai tsohuwar kwamfuta ma yana da hanya. A layin D ya riƙa rubuta 1 ga wanda ya dawo da littafi, 0 ga wanda bai dawo da shi ba. Sai ya danna Data, sannan Filter. 'Yan kibiyoyi za su fito a kan kanun bayanai, ya zaɓi 0. COUNTIF kuwa tana aiki a dukkansu, sai dai a sa 1 a madadin TRUE.

Ko babu wuta, ko kwamfutar ba ta isa kowa ba, ana iya gwadawa a littafi. A zana gidaje, a rubuta sunaye goma, a yi lissafin 1 da 0 da hannu. Ranar da aka samu kwamfuta, bugawa kawai ya rage.

Ina kuma zai yi amfani?

Malamin aji zai iya fitar da waɗanda ba su kawo hoton rajistar jarrabawar BECE ba, tun kafin lokaci ya ƙure. Idan aka ƙara layin gari, za a iya ware masu zuwa daga Kiyako, ko Kangire, ko Sundimina da taɓawa ɗaya. Ɗan kasuwa a Birnin Kudu ko a kasuwar Sara ta Gwaram zai iya ganin waɗanda yake bi bashi. Uwar adashi za ta san wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba. Mai burin aiki a asibiti irin FMC Birnin Kudu, ko a sakatariya a Dutse, shi ma zai tarar da jadawali yana jiransa.

Amana

Kwamfuta ba ta san wanda ya dawo da littafi ba. Abin da aka taɓa shi take nunawa. Idan mai riƙe da jerin ya manta bai taɓa akwatin wani ba, sunan bawan Allah zai fito cikin masu laifi. Saboda haka a taɓa akwatin a gaban mai littafin, a lokacin da ya miƙo shi. Kuma kafin a hukunta kowa, a kira shi a tambaye shi.

Sannan sunayen mutane da makinsu da bashinsu amana ne. Malam ko mai haƙƙi ake miƙa wa, ba a liƙa su a bango don a yi wa wani dariya, ba a kuma tura su a WhatsApp. Wanda zai gwada a wayar babansa ko ta yayarsa, ya nemi izini tukuna.

Aikin gida

Ga tambaya ga masu karatu. Idan muna son ganin 'yan JS3 waɗanda suka riga suka dawo da littafi, wane akwati za mu kunna, kuma wace kalma ɗaya za mu canza a fomula ta uku? A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a ba kowane ɗan kulob ɗinmu kafin ranar Alhamis. Za mu kawo amsar a fitowa ta gaba.